Idan aka canza dokokin jarabawar bai-ɗaya, wa ke biya kuma nawa ne?

Tambayar da ɗan'uwa ya turo ita ce: duk bayan 'yan shekaru sai a ji hukumar ilimi ta canza dokokin jarabawar bai-ɗaya, wato wadda duk yaran jiha ko ƙasa ke rubutawa iri ɗaya, ko ta sauya manhaja, ko ta ɗaga makin da ake ci da shi, ko ta ce daga yanzu a kwamfuta za a rubuta. Shin wannan abin yana cin kuɗi sosai ne, ko sanarwa ce kawai a buga a wuce wajen? In kuma yana ci, wa ke biya?

Toh ɗan'uwa, yana ci, kuma ba kaɗan ba. Na daɗe a harkar tsara tambayoyin jarabawa da bin alƙaluman sakamako, abin da zan gaya maka shi ne kuɗin da ake rubutawa a kasafi shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin, babban ɓangaren yana faɗawa ne kan malamai da kuma yaran da suka fara rubuta sabuwar jarabawar, kuma su ba wanda ya taɓa tambayarsu ko sun shirya.

Bari mu fara da wanda ake gani. Mutane da yawa sun ɗauka tambayar jarabawa wani malami ne zai zauna da daddare ya rubuta, da safe a kai ɗab'i. A jarabawar aji haka ne, amma a jarabawar da yara dubu ɗaruruwa za su rubuta ba haka abin yake ba sam. Da farko sai an zana taswirar jarabawar, wato wane darasi zai samu tambaya nawa, mai sauƙi nawa mai wuya nawa. Sannan a rubuta tambayoyi ninkin abin da ake buƙata domin da yawa za su faɗi a hanya, wani kwamiti ya duba ko amsar daidai ɗaya ce tak, wani kwamitin ya duba ko tambayar ta fifita yaron birni kan na karkara ko namiji kan mace, bayan duk wannan a cusa su cikin jarabawar gaske ba tare da an ƙirga makinsu ba, don a ga yadda yara za su amsa. Wadda kowa ya ci ba ta da amfani, wadda masu ƙoƙari ke faɗuwa marasa ƙoƙari na ci akwai matsala a cikinta, duk a zubar. Wannan zagayen kan ɗauki shekara biyu ko fiye kafin a samu rumbun tambayoyi mai kyau. Ranar da aka ce manhaja ta canza, wani babban kaso na wannan rumbun ya tashi aiki kenan, a sake daga farko. Ga kuma bugun makafi, ga bugu mai manyan haruffa, ga sake horar da masu makin, domin mai makin da ya saba da tsohon tsarin bayar da maki hannunsa zai riƙa komawa can ko bai sani ba.

Kuma irin tambayar da aka zaɓa ita ke yanke tsadar. Amurka misali ce mai kyau tunda su suna lissafa komai a rubuce. A Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar No Child Left Behind, wadda ta wajabta wa jihohi su gwada yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, sannan sau ɗaya a babbar sakandare. A 2003 ofishin binciken kuɗi na majalisar ƙasar, GAO, ya yi ƙiyasin abin da jihohi za su kashe daga 2002 zuwa 2008: in duka tambayoyin na zaɓi ne waɗanda inji ke makin, kimanin dala biliyan 1.9, in kuma aka haɗa da tambayoyin da yaro zai rubuta amsa da hannunsa mutum ya karanta ya ba da maki, zai kai biliyan 5.3. Kaga kenan doka ɗaya ce amma bambancin ya kusa ninki uku. Abin da ke damuna a nan, idan gwamnati ta ƙara yawan jarabawa ba ta ƙara kuɗi ba, hukuma za ta gudu ne zuwa tambayoyin zaɓi saboda arha, shi kenan sai rubutun insha'i ya fara ɓacewa daga aji, tunda malami abin da za a gwada shi yake koyarwa.

Duk da haka kar ka ɗauka kuɗin kwangilar jarabawa wani dutse ne a kasafin ilimi. A 2012 wani bincike na cibiyar Brookings, wanda Matthew Chingos ya yi, ya ƙiyasta cewa jihohin Amurka na kashe kusan dala biliyan 1.7 a shekara kan waɗannan jarabawoyi, wanda bai wuce rubu'in kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake kashewa a makarantun ƙasar ba. Wannan ne ma ya sa 'yan siyasa ke son taɓa jarabawa, domin ita ce gyara mafi arha a takarda kuma mafi saurin fitowa a labarai. Gina azuzuwa da ɗaukar malamai sai an jira shekaru, canza jarabawa kuwa taron manema labarai ɗaya ya isa.

Sai dai arhar tana ƙarewa ne idan canjin ya zama na kai-da-komo. Bayan fitowar manhajar Common Core ta Turanci da lissafi a 2010, wadda yawancin jihohi suka ɗauka, gwamnatin tarayyar Amurka ta ba ƙungiyoyin jihohi biyu, PARCC da Smarter Balanced, kimanin dala miliyan 330 don su gina sababbin jarabawoyi. PARCC a farko jihohi fiye da ashirin ne a cikinta. Da aka sanar da farashin kusan dala 29.50 kan kowane ɗalibi a 2013, jihar Jojiya ta fice ta ce ya yi mata tsada, wasu kuma suka fice saboda rigimar siyasa, kafin shekaru kaɗan sai 'yan tsiraru suka rage. Kowace jiha da ta fita sai ta sake ba da sabuwar kwangila, ta sake gina tata, ta sake horar da malamai, wato an biya kuɗin shiga an kuma biya kuɗin fita, yara kuma a wasu wuraren sun rubuta jarabawa iri daban-daban shekara bayan shekara.

Yanzu mu zo kan ɓangaren da ni a ganina ya fi komai tsada, kuma kusan ba a taɓa maganarsa. Amfanin jarabawar bai-ɗaya gaba ɗaya shi ne kwatantawa, bana da bara, wannan makaranta da waccan. Kamar sikeli take, in ka canza shi a tsakiyar awo ba za ka iya cewa kayan sun ƙaru ko sun ragu ba. Masu wannan aiki suna da dabarar haɗa shekara da shekara, ana maimaita wasu tambayoyi a ɓoye a cikin jarabawar bana da ta bara, su ne gadar da ake bi a daidaita wahalar takardun biyu. Amma in abin da ake gwadawa ne kansa ya canza, gadar ba ta da inda za ta sauka, sai a fara sabon layi daga sifili.

Duba abin da ya faru a jihar New York. A 2012 kusan kashi 55 na yara ne suka kai matakin da ake so a Turanci, kusan kashi 65 a lissafi. A 2013 da aka kawo sabuwar jarabawa, duka biyun suka faɗo kusan kashi 31. Yaran ba su mance karatu cikin wata goma sha biyu ba, malaman ma su ne dai na bara, ma'aunin ne ya canza. Amma je ka yi wa uwa wannan bayanin bayan ta karɓi takarda an ce ɗanta da ya ci bara bana bai kai ba. Zuwa 2015 kusan kashi 20 na yaran jihar iyayensu sun hana su rubuta jarabawar kwata-kwata, kuma da zarar ɗaya cikin biyar bai zauna ba, alƙaluman da suka rage ma sun raunana. A Ingila ma haka, a 2015 kashi 80 na 'yan ajin ƙarshe na firamare suka kai matakin da ake nema a karatu da rubutu da lissafi, a 2016 da sabon tsari ya zo kashi 53 ne, gwamnati da bakinta ta ce kar a kwatanta shekarun biyu. Toh in ba za a kwatanta ba, duk wani shiri da aka ƙaddamar a tsakanin, na horar da malamai ne ko na rage cunkoson aji, ta yaya za a gane ya yi aiki ko bai yi ba? An yi asarar shekarun bayanai kenan, kuma ba kuɗin da zai dawo da su.

Akwai wani abu kuma da masana suka daɗe da lura da shi, irin su Daniel Koretz na jami'ar Harvard sun yi rubutu sosai a kai. Duk lokacin da aka kawo sabuwar jarabawa maki kan faɗi, sannan ya riƙa hawa a hankali shekara bayan shekara, in aka sake canzawa ya sake faɗuwa, zanen ya fito kamar haƙoran zarto. Hukumar Ofqual mai kula da jarabawoyi a Ingila ta yi nazarin wannan a 2016 ta ga abin kan ɗauki kusan shekara uku kafin ya daidaita. Dalilin a fili yake: a shekarar farko malami ba shi da tsofaffin takardun tambayoyi, bai san inda masu makin ke matsawa ba, littafin da ya dace ma wataƙila bai iso ba. A shekara ta uku ya gane kan abin. Ma'ana yaron da ya faɗo a rukunin farko zai iya samun ƙasa da ƙaninsa alhali iliminsu ɗaya, laifinsa kawai shekarar da aka haife shi. Shi ya sa da Ingila ta koma bayar da sakamakon GCSE, wato jarabawar 'yan sakandare masu shekara 16, da lambobi 9 zuwa 1 a madadin haruffa, wanda aka fara a 2017 da Turanci da lissafi, Ofqual ta ɗaure iyakokin maki ta yadda kason waɗanda suka samu 4 zuwa sama zai yi kusan daidai da na masu samun C zuwa sama a da. Wannan kariya ce mai kyau kuma ina goyon bayanta, amma ka lura ita ma tana da farashi, domin a waɗannan shekarun sakamakon ba zai nuna maka ko koyarwa ta inganta ba. Haka kuma hawan da ake gani a shekara ta biyu da ta uku, wanda jami'ai ke fitowa suna murna da shi, yawancinsa sabo ne da salon tambaya.

Lokacin malamai shi ne kuɗin da ba ya shiga kowane littafin akanta. Malamar da ta shekara goma tana gyara darussanta, ta san inda yara ke tuntuɓe, ta tara misalai da atisaye, rana ɗaya a ce jerin darussan ya canza, abin da ake yi a aji shida ya dawo aji biyar. Za ta zauna ne da dare da ƙarshen mako ta sake tsara komai kuma ba wanda zai biya ta ko sisi kan wannan. Ranakun bita da ake kwashe malamai a kai su, ajin ko dai a bar shi ba kowa ko a sa wanda bai san darasin ba. Sai gwajin share fage, sai gwajin gwada sabon tsarin, ga tsohuwar jarabawar ba a cire ta ba tukuna domin sau da yawa sabuwar doka ƙari take yi kan ta da. A 2015 ƙungiyar manyan gundumomin makarantun biranen Amurka ta ƙirga ta samu cewa yaro na rubuta jarabawar dole kusan 112 daga rabin aji zuwa gama sakandare. Ba mutum ɗaya ne ya zauna ya tsara wannan adadin ba, taruwa ya yi, kowace gwamnati ta ɗora nata ta tafi.

Maganar komawa kwamfuta kuma babi ce mai zaman kanta. A nan gaba tana iya rage kuɗin ɗab'i da jigila da satar amsa, sakamako ma ya fito da wuri, ban musa ba. Amma shekarun farko akwai sayen na'urori, da intanet mai ƙarfin ɗaukar yara da yawa a lokaci guda, da wuta, da ma'aikacin da zai tsaya in abu ya tsaya. Jihar Tennessee ta Amurka a Fabrairun 2016 ta fara sabuwar jarabawarta ta intanet, a ranar farko tsarin ya durƙushe, aka ce a koma takarda, takardun ba su iso kan lokaci ba, a Afrilu aka soke kwangilar kamfanin aka kuma soke jarabawar 'yan aji uku zuwa takwas na wannan shekarar. Watanni na shiri sun tafi a banza. A Najeriya ma, shekara goma bayan JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, a 2025 hukumar ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 sai da aka sake musu jarabawa. Ko babu wata matsalar na'ura, an ga a jarabawar PARCC ta 2015 cewa waɗanda suka rubuta a kwamfuta a wurare da dama sun samu ƙasa da waɗanda suka rubuta a takarda. Yaron da bai saba da madannai ba, rabin hankalinsa na kan neman harafi, rabi na kan amsar. Kuma ka san wane yaro ne wannan, ba ɗan mai hali ba ne.

A nan ne nake ganin rashin adalcin ya fi fitowa. Makaranta mai kuɗi cikin wata ɗaya ta sayi sababbin littattafai, ta kira mai horarwa, iyaye su ɗauki malamin lesin da ya riga ya karanci sabon salon. Makarantar da ke fama da ƙarancin malamai sai ta shekara biyu tana koyar da tsohon abu. Don haka ko canjin mai kyau ne a kan kansa, shekarun farko tazara yake buɗewa. Mai maimaita jarabawa shi ma yana cikin tsaka mai wuya, ya yi karatu a kan tsohuwar manhaja za a gwada shi a kan sabuwa. A Kalifoniya an shekara da shekaru ana hana yara shaidar kammala sakandare in ba su ci jarabawar fita ba, a 2015 jihar ta dakatar da jarabawar ta kuma yi doka a ba waɗanda aka hana a baya shaidarsu in sun cika sauran sharuɗɗa. Sun karɓa, alhamdulillahi, amma aikin da ya wuce su da makarantar da ba su shiga ba a waɗancan shekarun fa?

In kuma canjin ya haɗa da ɗaura albashi ko kujerar shugaban makaranta a kan sakamako, toh an buɗe wata ƙofar. Dokar 2002 ta Amurka ta sa burin cewa zuwa 2014 kowane yaro, ɗari bisa ɗari, ya kai mataki, abin da duk mai aikin ya san ba zai yiwu ba. Wasu jihohi suka sassauta makin ci don alƙalumansu su yi kyau. A birnin Atlanta na jihar Jojiya binciken jiha na 2011 ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin yara, a 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Ba ina wanke su ba ne, abin da suka yi cin amanar yara ne, domin yaron da aka gyara wa amsa an hana shi taimakon da ya kamata ya samu. Amma wanda ya tsara dokar shi ma yana da kaso. A ƙarshen 2015 aka maye gurbinta da wata dokar, ESSA, jihohi suka sake zaman rubuta sababbin tsare-tsare.

Kar ka fahimce ni kamar ina cewa kar a taɓa canza komai. Jarabawar da ke gwada hadda kawai, ko wadda tambayoyinta suka zama sanannu har ana iya hasashensu, ko wadda ke zaluntar masu buƙata ta musamman, barinta ma tsada ne, kuma yara ne ke biya. Abin da nake cewa a yi shi da lissafi. Akwai misalin yadda ake yi da kyau: jarabawar NAEP ta Amurka, wadda ake yi tun 1969 a kan samfurin ɗalibai ba tare da an hukunta wani yaro ko malami da sakamakonta ba. Da za su koma na'ura a 2017, sai suka ba wasu yara a takarda wasu a na'ura a shekara guda, suka auna bambancin, sannan suka haɗa layin. Ya ci kuɗi ƙari, amma sun tsira da tarihin alƙalumansu.

Don haka in ka ji an sanar da sabon tsari, ko kai uba ne ko malami ko ɗan kwamitin makaranta, tambayi wace matsala takamaimai ake son magancewa, kuma ko ƙaramin gyara zai wadatar. Tambayi yaushe samfurin tambayoyi da littattafai za su isa hannun malamai, domin ƙa'idar da ta dace ita ce yaron da ya fara zangon karatu a kan tsari ɗaya ya gama a kansa, sanarwar wata shida ba ta isa ba. A nemi sanin ko an gwada a makarantun karkara da marasa kayan aiki, ba a zaɓaɓɓun makarantu kaɗai ba, da kuma wace kariya aka tanadar wa rukunin farko da masu maimaitawa. Sannan a tambayi wace tsohuwar jarabawa za a cire tunda an kawo sabuwa. Kasafin ma a duba shi da kyau, in ka ga kuɗin kwangilar kamfani kaɗai babu layin horar da malamai, babu na littattafai, babu na gwajin haɗa tsohon ma'auni da sabo, toh waɗannan kuɗaɗen makarantu da iyaye aka bar wa, kuma ya kamata a faɗa musu tun kafin a sa hannu.